Sanda mai tumbi a wasan besbol: maguɗi ne ko sanin sirrin liba?

Ranar 29 ga Maris, 2025, ƙungiyar New York Yankees ta lallasa Milwaukee Brewers da ci 20 da 9 a babbar gasar besbol ta Amurka. Sau tara 'yan Yankees suka buga ƙwallo ta tsallake shingen fili, abin da ƙungiyar ba ta taɓa yi a wasa ɗaya ba tun kafuwarta. Jifa uku na farko da Nestor Cortes, mai jifa na Brewers, ya yi, duk ukun bayan shinge aka aika su. Ana cikin haka sai masu sharhi a talabijin suka ja hankalin 'yan kallo ga sandunan da wasu 'yan wasan ke riƙe da su. Kaurin sandar ya gangaro kusa da hannu, bakinta kuma ya tsuke, ta zama kamar mai tumbi. Aka laƙaba mata suna "torpedo", wato makamin nan da ake harbawa ta ƙarƙashin ruwa.

Kafin gari ya waye magana ta cika kafafen sada zumunta. Wasu suka ce maguɗi ne, a haramta ta. Wasu suka ce an gano sandar da za ta mai da kowa gwani. Trevor Megill, ɗaya daga cikin masu jifa na Brewers, ya fito fili ya soki ƙirar. To, shin sauya wa itace fasali zai iya ba mutum ƙarfin da ba shi da shi? Amsar tana cikin wani tsohon ilimi da mai faci da mai noman rani suke aiki da shi kullum, ilimin liba.

Wasan a taƙaice

Ga wanda bai saba kallon besbol ba: mai jifa yana tsaye a kan ɗan tudu, tazarar mita 18.44 tsakaninsa da mai bugu. Ƙwallon ƙarama ce mai tauri, nauyinta giram 142 zuwa 149. Ƙwararru kan jefo ta da gudun kilomita 150 a awa, wani lokaci fiye da haka. Aroldis Chapman ya taɓa kai wa kilomita 170 a 2010. Ƙwallon ba ta cika rabin sakan a hanya. A cikin wannan ƙiftawar ido mai bugu zai gane inda ta dosa, ya yanke shawara, ya kuma kai sanda wurin. Idan ya same ta da kyau har ta tsallake shinge, ya ci ke nan, shi da duk abokansa da ke jira a tashoshin fili. Wannan shi ake kira hom-ran.

Mece ce liba?

Mai faci yana da wani ƙarfe da yake cusawa tsakanin taya da rim, ya danna, tayar da hannu ba zai iya ɓamɓarewa ba ta fito. Sunan ƙarfen liba, kuma da wannan sunan masana fiziks suke kiran duk wani abu mai tauri da ke juyawa a kan madogara. Abubuwa uku ake dubawa: madogarar, wurin da ake sa ƙarfi, da wurin da kaya yake. Tun ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Arkimidis na birnin Sirakus ya bayyana ƙa'idar: ƙarfi sau nisansa daga madogara shi ne yake daidaita nauyin kaya sau nasa nisan. Idan hannunka ya ninka kaya nisa sau biyar, kashi ɗaya bisa biyar na ƙarfi ya ishe ka. Sai dai hannunka zai yi tafiya ninki biyar na tafiyar kayan. Ba a samun komai kyauta.

Yadda waɗannan ukun suka jeru shi ne yake raba liba gida uku. Jigo na masu lambu a fadama, madogararsa tana tsakiya, guga a gefe ɗaya, curin laka a ɗaya gefen. Haka almakashi da sikelin mai gwal. A baro kuwa kaya ne a tsakiya, taya ce madogara, shi ya sa yaro zai tura buhun siminti da ba zai iya ɗagawa ba. Waɗannan biyun yawanci rage wahala ake nema da su.

Kashi na uku shi ne mai ban mamaki, domin a nan ƙarfi ne a tsakiya, kusa da madogara, kaya kuma can nesa. Hannun ɗan Adam misali ne. Jijiyar ƙwanji tana manne da ƙashi kimanin santimita 4 ko 5 daga gwiwar hannu, tafi kuma yana wajen santimita 35. Don haka in ka riƙe dutse mai kilo ɗaya a tafinka, ƙwanjinka yana jan abin da ya kai kilo bakwai ko takwas. Asara ce a ƙarfi, amma duba ribar: ƙwanji ya motsa kaɗan, tafi ya yi tsalle mai nisa cikin lokaci guda. An sayar da ƙarfi an sayi sauri. Fartanya, gatari, sandar makiyayi da sandar besbol duk 'yan wannan gida ne.

Abin da sandar take yi

Nan ne kuskuren farko na masu gardama yake. Sandar besbol ba ta ninka ƙarfin mai bugu. Aikinta shi ne ta ɗauki juyawar jikinsa ta mai da ita gudu a can bakin itace. Motsin yana farawa daga ƙafa, ya hau ƙugu, ya wuce kafaɗa, ya gangaro damtse, ya ƙare a wuyan hannu, kowace gaɓa liba ce da ke miƙa wa ta gabanta. Tun 2024 hukumar gasar, MLB, take fitar da ma'aunin gudun sandar kowane ɗan wasa da kyamarori suka ɗauka. Matsakaicin ɗan wasa yana kai wa kimanin kilomita 115 a awa, irin su Giancarlo Stanton kuma suna taɓa 130.

Me ya sa ake damuwa da wannan gudu haka? Alan Nathan, farfesan fiziks a Jami'ar Illinois wanda ya shafe shekaru yana nazarin wasan, ya yawaita bayyana lissafin. In aka sami ƙwallo a daidai wurin da ya dace, gudun da za ta fita da shi ya kai kusan kashi ɗaya bisa biyar na gudun jifa, a haɗa da gudun sanda sau 1.2. A gwada: jifa mai kilomita 150 ya ba da 30, sanda mai kilomita 115 ta ba da 138, jimla 168. Ka ga ƙarin kilomita ɗaya a gudun sanda ya fi ƙarin kilomita ɗaya a gudun jifa tasiri har ninki shida. Maganar da ake yi cewa jifa mai zafi shi ne yake tafiya nesa in an buga tana da gaskiya, amma 'yar kaɗan.

Sai mutum ya ce, to a ƙara wa sandar tsawo mana, tunda bakin doguwar liba ya fi gudu. Doka ta yarda a kai inci 42, kusan santimita 107, amma da wuya ka ga ƙwararren da ya wuce inci 33 ko 34. Dalilin shi ne abin da ke tafe.

Nauyi da mazauninsa

Ɗauki guduma ta ƙota ka kaɗa ta. Juya ta, ka riƙe kan ƙarfen, ka kaɗa ƙotar. Sikeli zai ce nauyinta bai canja ba, amma hannunka zai ƙaryata sikeli. Wahalar juya abu ba a yawan nauyinsa kaɗai take ba, har da nisan nauyin daga madogara, kuma nisan sau biyu yake shiga lissafi. Giram 30 da ke santimita 80 daga hannu ya ninka giram 30 da ke santimita 40 wahalar kaɗawa sau huɗu. Masu ƙera sanduna suna kiran wannan nauyin kaɗawa, kuma shi ne ainihin abin da ɗan wasa yake ji.

Wannan ne ya sa wasu ke matsar da riƙo sama kaɗan in suna cikin matsi. Sun gajarta libar, sanda ta yi sauƙin sarrafawa. Barry Bonds, wanda ya buga hom-ran 73 a 2001, adadin da har yau ba a kai ba, haka yake riƙe sandarsa. Shi ne kuma dalilin da ya sa ake rarake bakin sanda a yi ɗan rami, wanda doka ta yarda ya kai inci ɗaya da kwata. Itacen da aka cire kaɗan ne, amma daga wuri mafi nisa aka cire shi.

A zamanin Babe Ruth, shekarun 1920, ana ɗaukar sanduna masu wuce kilo ɗaya da ɗoriya. Yau yawancinsu suna wajen giram 900. Jifa ya ƙara zafi, lokacin tunani ya ragu, sai kowa ya koma ga mara nauyi. Amma akwai iyaka. Sanda mara nauyi tana saurin isa, sai dai in ta haɗu da ƙwallo ita ma tana ja da baya, ta kasa zuba mata duk abin da ta ɗauko. Mai nauyi tana dukan gaske amma tana makara. Kowane ɗan wasa tsakanin waɗannan biyun yake neman matsayinsa.

Lokacin karo, hannu ba shi da ta cewa

A ganina wannan shi ne ɓangare mafi daɗin sani a duk batun, kuma a nan zanen liba na littafin makaranta yake tsayawa. Haɗuwar ƙwallo da sanda ba ta cika kashi ɗaya bisa dubu na sakan. A ɗan wannan lokaci ƙwallon tana lotsewa kamar an taka tumatir, ƙarfin da ke tsakaninsu yana kai nauyin tan biyu har ya wuce, sannan ta miƙe ta tafi. Girgizar dukan tana bin jikin itacen zuwa hannu, amma kafin ta je ta dawo ƙwallo ta riga ta yi gaba. Ma'ana, ƙwallon ba ta san ko akwai hannu a ƙarshen sandar ba.

An ga haka ƙiri-ƙiri a 2012. Todd Frazier na Cincinnati Reds ya kai bugu, sandar ta suɓuce daga hannunsa a daidai lokacin haɗuwa, ƙwallon kuma ta tsallake shinge. Duk aikin da jikinsa zai yi ya riga ya gama shi kafin karo. Saboda haka shawarar nan ta "damƙe sanda da ƙarfi ka tura ƙwallo" ba ta ƙara wa ƙwallo ko taku ɗaya a lokacin haɗuwa. Abin da ya rage a wannan lokaci abu uku ne: gudun sanda, yawan itacen da ke bayan wurin da aka buga, da kuma ko wurin yana girgiza ko ba ya yi.

Duk wanda ya taɓa faskare ya san na ukun. In kaifin gatari ya sauka daidai, hannu ba ya jin komai, icce ya tsage. In aka kuskure aka doka da ƙota, zogi ya ratsa har kafaɗa, icce kuma yana nan. Sandar besbol tana da wani yanki, kimanin santimita 13 zuwa 18 daga bakinta, inda in ƙwallo ta sauka itacen ba ya karkarwa sosai. Mu kira shi cibiyar sanda. Duk ƙarfin da ya tafi wajen karkarwa ƙwallo ce ta yi asararsa, shi ya sa bugun da ya kauce wa cibiya yake ciwo a hannu kuma ya faɗi kusa.

Abin da mai ƙirar ya yi

Mutumin da aka danganta wa sanda mai tumbi shi ne Aaron Leanhardt. Ya yi digirin digirgir a fiziks a MIT, fitacciyar jami'ar kimiyya da fasaha ta Amurka, ya koyar a Jami'ar Michigan, sannan ya bar aji ya koma horar da 'yan besbol. Lokacin da yake aiki da Yankees ya lura da abin da bayanan kyamara ke nunawa: 'yan wasa da dama ba a wuri mafi kauri suke samun ƙwallo ba, sun fi samunta ƙasa kaɗan, wajen hannu. Shi kuma bakin sanda can ƙarshe, wurin da ya fi wahalar kaɗawa, kusan babu bugu mai kyau da ke fita daga cikinsa. Sai ya ce a yanko itace daga bakin a mayar da shi inda ake bugu.

Riba biyu ake nema. Nauyi ya matso kusa da hannu, don haka nauyin kaɗawa ya ragu, ko kuma a ƙara itace ba tare da sandar ta yi wuyar juyawa ba. Sannan wurin da ɗan wasa ya saba bugawa ya ƙara faɗi, bugun da a da zai goga gefe yanzu zai iya samun tsakiya. Farashin kuwa a bayyane yake. Duk ƙwallon da ta sauka kusa da baki za ta tarar da siririn itace, ta fita da rauni fiye da da. Ga shi kuma wurin da ke kusa da hannu bai kai baki gudu ba, kamar yadda ƙa'idar liba ta tanada.

Ta fuskar doka babu abin kamawa. Ƙa'ida ta 3.02 ta ce sanda ta zama mai santsi, mulmulalliya, daga itace guda ɗaya, kaurinta kada ya wuce inci 2.61, tsawonta kada ya wuce inci 42. Ba ta faɗi inda kaurin zai zauna ba. MLB ta tabbatar da halaccinta cikin kwanakin nan na cece-kuce.

Masu suka suna da hujjar da ta cancanci saurare. Masu jifa suna ganin duk sabon sauyi masu bugu yake fifitawa. Wasu kuma na tsoron wasan zai koma hannun ƙungiyoyi masu kuɗin ɗaukar masana. Amma a duba wasan da ya jawo maganar. Uku daga cikin hom-ran tara ɗin Aaron Judge ne ya buga su, da sandarsa ta gargajiya, kuma da ita ya ƙare kakar da hom-ran 53 ya zama gwarzon ɗan wasa na American League, ɗaya daga cikin rukunai biyu na gasar. Cal Raleigh na Seattle Mariners, wanda yake cikin waɗanda suka rungumi sabuwar ƙira, ya buga 60. Wasu sun gwada sun ajiye. Ni abin da na fahimta shi ne, sanda mai tumbi kamar ɗinkin tela take. Wanda aka auna shi aka yanka masa za ta zauna masa, wanda ya ari ta wani ba lalle ba ne.

Inda aka taɓa yin maguɗi na gaske

Ranar 3 ga Yuni, 2003, sandar Sammy Sosa na Chicago Cubs ta karye a fili, aka ga an huda cikinta an cusa toton kwalaba. An kore shi daga wasan, aka dakatar da shi wasanni bakwai bayan ɗaukaka ƙara. Masu yin haka sun yi imani toton yana sa ƙwallo tsalle. Gwajin da Nathan da Lloyd Smith na Jami'ar Jihar Washington da abokan aikinsu suka wallafa a 2011 ya nuna babu wani tsalle. Sandar ta yi sauƙin kaɗawa, amma abin da aka samu a gudu an rasa shi a nauyin duka, ƙwallo ba ta ƙara nisa ba. Lissafin Arkimidis ne ya sake fitowa.

Sandar alminiyam daban take. Cikinta rami ne, bangonta yana lotsawa ya dawo kamar sifirin, ya mayar wa ƙwallo ƙarfin da itace zai bari ya salwanta. Wannan ƙari ne na gaske, shi ya sa babbar gasa ba ta yarda da ita ba. Jami'o'in Amurka sun fara amfani da ita a 1974 saboda ba ta karyewa, amma ƙwallo ta riƙa komawa kan masu jifa da gudun da ke barazana ga rayuwa. A 2011 aka kafa sabon ma'auni da ya tilasta ta yi kusa da itace, hom-ran a gasar jami'o'i ya ragu kusan da rabi.

Sauran na'urori masu sauƙi a fili

Liba ɗaya ce daga cikin na'urori shida masu sauƙi da ake koyarwa a makaranta, kuma wasu daga cikinsu suna nan a filin. Ƙusoshin ƙasan takalmi weji ne, wato abu mai tsini irin bakin gatari, suna tara nauyin mutum a ɗan ƙaramin baki su nutse a ƙasa. Injin jifa na atisaye tayoyi ne masu juyawa da ke matse ƙwallo su tofar da ita. Tudun mai jifa gangara ce, yana saukowa a kanta nauyin jikinsa na taya shi. An san tasirinta, domin bayan kakar 1968 da masu jifa irin su Bob Gibson suka hana kowa sakat, an rage tsayin tudun daga inci 15 zuwa 10.

Libar da ta fi shan wahala kuwa ba itace ba ce, hannun mai jifa ne. Tunda kashi na uku ce, duk gudun da aka gani a yatsu gwiwar hannu ce take biyan kuɗinsa. Wata 'yar jijiya a cikin gwiwar ita ce take tsinkewa. A 1974 Dokta Frank Jobe ya yi wa Tommy John aikin dasa wata jijiya a madadinta, aikin da har yau ake kira da sunan ɗan wasan. Abin da ke damuna shi ne yanzu har samari 'yan sakandare a Amurka ana yi musu shi, saboda tseren neman jifa mai zafi.

Iyaye da yara masu koyo

Cikin 'yan kwanaki da wasan Yankees, kamfanoni irin su Victus, Marucci da Louisville Slugger suka fito da sanda mai tumbi kasuwa, masu saye suka yi ca. Cikinsu har da iyaye da matasa. Ga inda matsalar take: ƙwararre an ɗauki dubban bugunsa a kyamara kafin a san inda za a sa masa tumbin. Yaro ɗan shekara goma sha biyu bai ma daidaita bugunsa ba tukuna, yau a baki, gobe a gindi. Abin da ya fi yi masa illa shi ne sandar da ta fi ƙarfinsa, wadda uba ya saya da tunanin zai girma ya same ta. Nauyin kaɗawarta yana sa kafaɗarsa ta faɗi, bakin sanda ya riƙa jan ƙasa, ya koyi bugun da sai an sha wahala kafin a gyara. Masu horar da yara suna da wani gwaji da ba ya bukatar kyamara: yaro ya riƙe sandar da hannu ɗaya, ya miƙe shi a gefe daidai kafaɗa. In bakinta ya fara sunkuyawa kafin a ƙirga ashirin ko talatin, a mayar da ita a ɗauko ƙarama.